Ranar da Na Turara Tankar Yaƙi

Ciwon ido ne ya kai ni Dubai, korona kuma ta rufe hanya na zauna wurin ɗana a unguwar Al Qusais. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Da aka sassauta kulle sai na lura duk Juma'a in an sauko masallaci yakan ɓace, ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Matarsa ce ta gaya mini.

"Inna, tsohuwar tankar yaƙi suke gyarawa, shi da wani dattijon Balarabe mai gareji a Al Quoz. Sun yi shekaru a kanta. Ba biyansa ake yi ba, so ne kawai."

Yayana soja ne, ya tafi yaƙin basasa ina budurwa, ko hularsa ba a dawo mana da ita ba.

Wata rana yaron nan ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, mun kusa tayar da tankar nan. Ina so ki sa albarka."

"A kan abin da aka ƙera don kashe 'ya'yan mutane?"

"An toshe bakin bindigar da walda. Ko tsakuwa ba za ta harba ba."

"To ka je mai waldar ya sa maka."

Ya yi dariya, amma bai tayar ba. Balaraben ya gaji da jira har ya ce zai tayar shi kaɗai. Yaron ya ce masa ya je ya tayar, shi dai ba zai je ba sai uwarsa ta yarda. Na ga yana yawo a ɗaki ran Juma'a da hannu tsaf, ba ya cin abinci sosai. Sai na ce ya kai ni in gani da idona, tunda an gyara shi.

Abu ne gajere, mai faɗi, ƙafafunsa sarƙa. Suka kafa mini tsani na leƙa ta ƙofar sama. Wurin zaman bai fi turmi ba. Ashe yara ne suka zauna a nan, masu ƙaramin jiki irin na yayana. Warin ciki kuwa, ban da tsatsa da tsohon mai, akwai na ɗakin da aka kulle bayan rasuwa. A wurinmu ba a komawa irin wannan ɗaki sai an share, an turara, an yi addu'a. Su sun goge, sun yi fenti, wannan ne kawai ba su yi ba.

Juma'a ta gaba na zo da kasko a jaka, da gawayi, da turaren wutata na Maiduguri. Suna can suna shan shayi na hura garwashi a bayan ƙofa, na kama tsani. Na kusa kaiwa sama sai ga dattijon nan a guje, rigarsa a hannu, yana "La, Hajja, la," wato a'a da Larabci. Ɗana ya riga shi, ya karɓe kaskon da tafin hannunsa ya yi waje da shi. Ashe da safen nan suka cika ta da fetur. Ba wanda ya gaya mini.

Na sauko ina jiran faɗa. Hannun yaron ya tashi, yana riƙe da shi cikin bokitin ruwa. Ya tambaye ni abin da na yi niyya, na faɗa, ya fassara wa Balaraben. Dattijon ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya je ya ɗauko tiyo.

Man da suka zuba da safe suka zuƙe shi tas, suka wanke, suka bar ta a buɗe har mako ya zagayo. Mutumin da ya ƙagu ya ji ƙararta shi ya riƙe mini tsani. Na sa kaskon a ciki, hayaƙi ya riƙa fitowa ta kowace kafa. Na yi addu'a ga waɗanda suka zauna a ciki, ban san addininsu ba, da waɗanda ta taka, Allah ya san su.

Bayan an fitar da kaskon suka sake zuba mata mai. Da ta tashi, ƙasa ta yi rawa har cikin haƙorana. Yaron ya leƙo ta sama, hannu a naɗe da bandeji, yana neman fuskata. Ƙarar ba za ta bari ya ji ni ba, don haka na jira ya kashe ya sauko. Na dafa kansa na ce Allah ya yi masa albarka, shi da abin da hannunsa ya taɓa.

Ya ce in shiga su zaga da ni. Na ce a'a, shayin dai a ƙaro mini.