Goggo Tambaya da Alhazan Kebbe

Goggon babanmu ce, amma duk gidan Goggo muke ce mata. Mai fura ce. Tun tana budurwa har ƙarfinta ya ƙare a bakin kasuwar Tambuwal take zama, ƙarƙashin wata tsamiya da yanzu babu ita. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda da mutum a ganin farko. Ko nono aka kawo mata sai ta kai ludayi har gindin ƙwarya ta ɗago ta duba. Na riske ta da tsufa sosai, ni ke tsefe mata kai, a nan na ji yawancin abin da zan faɗa.

A da, gidan masu zuwa Gabas ake kiran gidanmu, kuma ana girmama mu a kan haka. Gaskiyar maganar daban take. Akwai wani ciwo da ke bin jininmu. Yakan jira mutum ya yi aure ya haihu, sannan ƙafa ta soma saɓa masa. Sai tangaɗi, sai rawar hannu in ya nufi ɗaukar abu, daga baya harshe ya yi nauyi. Kakanninmu sun ji tsoron in aka sani ba mai neman aure a gidan, ba mai cin abincinmu. Saboda haka da zarar abin ya taɓa mutum, kafin maƙwabta su farga, sai ya yi sallama da unguwa cewa zai tafi Makka da ƙafa. A raka shi bayan gari da gora da sanda, a yi addu'a. Da 'yan rakiya sun juya, sai a karkata da shi Kebbe, wurin danginmu masu shanu a bayan gari. A zamanin, masu tafiya Gabas da yawa ba sa dawowa, ba wanda ke tambaya.

Haka aka yi wa Ɗan'iya, mahaifin Goggo. Ya bar ta da ƙanenta Bube, wanda shi ne kakana, ladanin masallacin unguwarsu.

Shekara uku da samun mulkin kai abin ya zo kan Bube. Ya ɓoye, har ranar da ya sauko daga matakalar kiran salla ya yi taga-taga ya dafe bango a gaban mutane. Wani dattijon unguwa mai suna Ɗanmaliki ya sa masa ido. Ya lura kiran sallar ya fara jan baki. Ya kuma lura duk ranar kasuwa Bube yakan sulale bayan tasha da buhu a kafaɗa ya dawo hannu wofi, alhali kowa ya san a lungun nan ake sayar wa direbobi burukutu. Hatsi ne yake kai wa wani mai jakai da ke komawa Kebbe, abincin tsohonsa. Amma da aka tsare shi a zauren mai unguwa aka ce me yake kaiwa can, sai ya sunkuyar da kai.

Magana ta kai gaban alƙali, aka sa ranar kasuwa mai zuwa. In ta tabbata, bulala ce a bainar jama'a, kuma ya rabu da ladanci ke nan.

Goggo ba ta ga abin wahala ba. Ta ce ya shirya gorarsa.

“Yaya, in na tafi yanzu ba a cewa na yi Gabas,” in ji Bube. “Cewa za a yi mashayi ya gudu. Da sunan ga ɗiyana za su tashi.”

“To faɗi musu mi kaka kaiwa bayan tasha.”

“Ke faɗi musu.”



A makon ne wani likitan jijiya daga Kudu ya sauka a ɗakin shan magani na gari. Aikinsa bin garuruwa yana neman gidajen da irin wannan ciwo ke maimaituwa. Ba a daɗe da gama ƙidayar jama'a ba, mutane na ɗari-ɗari da duk baƙon da ke tambayar wa ya haifi wa. Wasu suka ce ɗan leƙen asirin haraji ne, wasu suka ce jini yake tarawa. Ga shi da wata 'yar guduma ta roba da yake ƙwanƙwasa gwiwar mutane, har aka laƙaba masa Mai Guduma.

Labarin ladan ya kai masa, ya zo har gida. Goggo ta hana shi wuce zaure, ta tsaya a kansu. Ya sa Bube ya yi tafiya dunduniya na taɓa yatsu, ya sa ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa, ya ja masa makulli a tafin ƙafa. Hausarsa ta Zariya ce, tana fita sarai.

“Ban ga alamar giya ba,” ya ce. “Amma in alƙali ya ce in tabbatar, ba zan iya ba. Irin ciwon da nake zato ba ya faɗowa daga sama, gadonsa ake yi. Ina mahaifinku?”

“Ya yi Gabas,” in ji Goggo.

“Yana da 'yan'uwa?”

“Ƙanwa guda. Ta yi Gabas.”

“Kakanku fa?”

“Can yar rasu.”

Likitan ya dube ta, ya dubi ƙafafun Bube. “Gidan nan akwai son ibada,” ya ce a hankali.

Goggo ta ce mini a nan ta tsane shi, don ta san ya gane. Ta tambaye shi ko yana da maganin ciwon. Ya ce babu, ko a Turai babu.

“To mi kaka biɗa, in ba ka da magani?”

“Ina so a san shi. Sai an san abu ake nema masa magani.”

“Mu mun san shi,” ta ce, ta ɗage masa asabari.

Kwana biyu tana dama fura tana saƙawa tana kwancewa. Ba ta yarda da baƙon ba, amma ya faɗi abu ɗaya da ba ta iya turewa: Bube shi kaɗai mashayi ne a idon mutane, sai an ga na biyu za a ce ciwo ne. Ta rufe ƙwaryarta, ta bi masu jakai zuwa Kebbe.

Ta tarar da tsohon a inuwar bukka, an jingina shi da turmi. Ta faɗa masa komai, har da abin da zai biyo baya in an gan shi. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, don harshen ya yi nauyi ƙwarai.

“Ɗauke ni,” ya ce. “Na gaji da hajjin ga.”

Dangin Kebbe suka tayar da ƙura. Suka ce tana da 'ya'ya mata, su ma suna da su, wa ya ba ta ikon tona abin da kakanni suka binne? Ba wanda ya ba ta aron amalanke, sai a wani ƙauye ta samo.

Ranar kasuwa da hantsi suka shigo Tambuwal, ta tsakiyar kasuwa, don ta ce in za a gani a gani gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta shaida fuskar ta ce Alhaji Ɗan'iya ya dawo, ta fara guɗa. Da ta ga yadda kansa ke kaɗawa, guɗar ta tsaya mata a wuya. Jama'a suka biyo amalanken har ƙofar alƙali.

Alƙalin sa'an Ɗan'iya ne, yana cikin waɗanda suka raka shi bayan gari shekarun baya. Aka shigo da tsohon ana riƙe da shi ta hammata biyu, aka zaunar kusa da ɗansa. Goggo ta roƙi a ba su ruwa. Uba da ɗa suka miƙa hannu ga moɗa, hannuwan suka yi rawa iri ɗaya, na uban ya fi. Aka kira Mai Guduma, ya yi bayaninsa: gado ne, ba a ɗaukarsa ta ci ko sha, kuma hankalin mai shi garau yake.

Alƙali bai dubi likitan ba. Tsohon yake kallo.

“Ɗan'iya, ina addu'ar da nib ba ka saƙo ka yi man a Arfa?”

“Na yi maka ita, Allah gafarta malam. A Kebbe.”

Wani ya yi dariya, dogari ya harare shi. Ɗanmaliki ya ce to buhun bayan tasha fa? Goggo ta ce ga mai cin buhun nan zaune, ya tambaye shi. Alƙali ya kori ƙarar. Ya ƙara da cewa ƙaryar zuwa ɗakin Allah ba ƙarama ba ce, gidanmu ya yawaita istigfari. Wannan maganar ta fi komai yi wa Goggo zafi, ta kuma ce gaskiya ce.

Abin da kakanni suka ji tsoro ya faru, ko da bai kai yadda suka zata ba. Masu sayen fura da dama suka koma wata inuwar, wasu har ta daina sana'ar ba su dawo ba. An fasa neman wata 'yar dangin Kebbe, suka yi shekaru ba sa gaisawa da ita. Likitan kuwa ya riƙa dawowa duk rani har aka shiga yaƙin basasa. Tana barinsa ya yi ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, amma tana tsaye, kuma ba ta taɓa yarda ya ɗebi jinin tsohon ba. Na ce mata ai ya taimake su. Ta ce, “Awo, shi ma ya samu abin da yaz zo biɗa.”

Ɗan'iya ya rasu a ɗakinsa na Tambuwal, mutanen unguwa suka yi masa salla. Bube ya ci gaba da ladanci, yana kira daga ƙasa, jingine da bangon masallaci. Da harshensa ya gaza, shi da kansa ya miƙa aikin ga wani. Tun daga kansa ba a sake raka kowa bayan gari ba. Yanzu mutum biyu ke da ciwon a gidanmu, baffana Jumare da yayata Ni'imatu. Da la'asar a ƙofar gida ake shimfiɗa wa Baffa tabarma, masu wucewa masallaci su tsaya su gaisa.