Dutsen da Baba Ke Miƙe Ƙusa a Kai

Damuwar Auta ta fara ne ranar da ta dawo daga yawon neman aiki ta tarar da jan fenti a bangon gidansu. An ja layi daga ƙasa har sama, ya raba tagar ɗakin Inna biyu. Maƙwabcinsu ya sayar da filinsa, sabon mai filin ya kawo masu awo, su kuma suka ce rabin ɗakin nan ba nasu Auta ba ne.

Babanta kafinta ne, a rumfar ƙofar gida ya tsufa. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a yashe ya wuce. Lanƙwasasshiyar ƙusa, marfin kwalba, ƙafar kujera, kowanne da gwangwaninsa ko lungunsa. Da hannunsa ya tayar da gidan, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon yadda 'ya'ya ke zuwa.

Ya ƙare wa fentin kallo ya ce, "Layin ma a karkace yake. Waɗannan ne za su koya mini awo?"

Amma abincinsa haka Inna ta ɗauke shi a rufe.

Takardar sayen filin ta daɗe da ɓata, sai Auta ta nufi ofishin filaye neman taswirar unguwar, wadda aka yanka fulotai da ita tun farko. Aka turo ta daga wannan tebur zuwa wancan, har ta dangana da wani ɗaki mai ƙurar takardu, inda taswirori ke naɗe kamar tabarmi har rufi. Ma'aikacin wurin ya saurare ta yana goge tabarau.

"'Yata, nan ba da sunan mutum ake nema ba. A kusurwar kowane fili akwai dutsen siminti da masu awo suka kafa, da lamba a kansa. Kawo mini lambar, in zaro miki taswirar."

Ta koma gida ta bi kusurwoyi tana tona ƙasa da tsinke. Babu komai. Baba yana kallonta daga rumfa.

"'Yar boko, me ya faɗi?"

Ta gaya masa. Ya nuna wani dutse a gefen bencinsa da guduma.

"Wannan? Tun kina goye na cire shi. Tuntuɓe Innarki ke yi da shi in ta ɗebo ruwa. Ga shi nan yana aiki, maimakon zaman banza."

A kansa yake miƙe ƙusoshi shekara da shekaru. Guduma ta cinye saman dutsen ya yi sumul, har ya ɗan lotsa a tsakiya. Auta ta zuba masa ruwa, ta shafa da yatsa, ta karkata shi wajen haske. Lambobi biyu na farko kaɗai suka rage.

"Baba, a ina daidai ka cire shi?"

Ya taka zuwa gefen tagar ya tsaya. Ya matsa gaba kaɗan. Ya sake dawowa baya. Daga ƙarshe ya ce ai a lokacin babu katanga, akwai dai wata bishiya.

Ta kai wa ma'aikacin lambobin biyu. Ya ce taswirorin da suka fara da su suna da yawa, wasu kuma ruwa ya taɓa su, amma zai duba in ya samu sarari. Ya karɓi lambar wayarta.

Sabon maƙwabci ya sauke bulo da yashi. Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Auta. Har yau ma'aikacin bai kira ba.