Abla Samiha, Mai Fito da Mata Bakin Teku

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu dafa wake su buɗe tukunya, Abla Samiha ta riga ta shimfiɗa tabarmi a bakin tekun Iskandariyya. Tsohuwar malamar motsa jiki ce. Da ta bar koyarwa, sai ta tattara matan unguwa: su yi sassarfa har gumi ya keto, sannan su zauna su miƙe gaɓɓai, suna jan numfashi a hankali irin na yoga.

Ku tambayi Intisar mai ɗinki. Bayan rasuwar mijinta ta kulle kanta a ɗaki, barci ya ƙaurace mata, keken ɗinki ya yi ƙura. Likita ya ba ta magani, ya ce ta riƙa fita. Magani ta sha, fitar ce ta gagara. Wata safiya Abla ta hau benen da Intisar take zaune ta buga ƙofa.

"Tashi, 'yata, ɗauko mayafinki."

"Abla, ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba."

"Nawa fa? Kuka suke kamar tsohon ƙyaure, amma ga ni sun kawo ni!"

Ran nan da suka isa bakin teku, Intisar gefe ta zauna, tana kallo kawai. Sai Umm Ragab mai kifi ta gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya, ta zube rim a yashi tana cewa, "Wallahi ƙasa ce ta goce!" Dariya ta kuɓuce wa Intisar, ta farko tun takaba, daga nan ta rikiɗe kuka. Abla ta dafa bayanta. "Ja numfashi. Saki. Sake ja." Washegari Intisar da kanta ta sauko. Kafin rani ya wuce, maƙwabta sun sake jin ƙarar keke.

Bana gwiwa ta tilasta wa Abla hutu, Intisar ce ke jan ayarin.

Abla, uwar masu sammako, ke ce kika gane cewa zuciya ma gumi take so. Ba ki yi wa kowa wa'azi ba, hannu kika miƙa. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Mu kuwa, duk mai maƙwabciyar da aka daina jin ɗuriyarta, kada ta tsaya ga aiken gaisuwa. Ta taka da ƙafarta, ta fito da ita.