Man Farko a Tandun Inna

Da kakar bana mahaifiyata, Inna Hauwa, ta cika shekara tara da rasuwa. Ranar da muka kai ta makwanci ko sunana ban iya rubutawa ba. Yau ga ni da furfura ina rubuta muku labarinta da hannuna, bayan rani uku ina zama a ajin yaƙi da jahilci na garinmu Cadawa. Mushenmu, wato malamin ajin, ya duba mini, ya gyara inda alƙalami ya karkace. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Sana'ar Inna matsar man gyaɗa ce. Ta soya, ta murje, ta bakace, ta daka, sannan ta zauna gaban turmi tana juya ƙullin tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso. Abin da ya bambanta ta da maƙwabta shi ne ludayin farko. Man da ya fara tasowa, wanda bai ga kaskon tuyar ƙuli-ƙuli ba, sai ta kwashe shi ta zuba a wani tandu na fata, ta toshe bakinsa sosai, ta ajiye bayan randa inda rana ba ta leƙawa. Sunansa man gida. Ba a sayar da shi, ba a suya da shi. A kan kwaɗon zogale take ɗiga shi, ko a kan wake, ko cikin kunun yaron da aka yaye. In an tambaye ta dalili, sai ta ce mai matsa ba ta ciyar da ƴaƴanta ragowar kasko.

Ni na ɗauki abin a matsayin tsirfar tsofaffi. Shekarar da na yi aure, ina jin kaina na zama magidanci, na ce zan kai mata mai kasuwa. Na samo fararen kwalabe na juye shi don masu saye su ga kyan launinsa, da na ga kwalba ɗaya ba ta cika ba, sai na lallaɓa bayan randa na ƙarasa ta da na tandu. Na jera su a rana wuni guda. Waɗanda ba su fita ba na ɗora su kan rumfar ƙofar gida, kasuwa ta zagayo na sake jerawa, haka har makonni. Ranar da Inna ta buɗe ɗaya ta shinshina ta ji ya yi wari, ba ta yi faɗa ba. Ta dai sa aka yi mini miya da shi kwana uku a jere, ni kaɗai. Har yau in na tuna ina jin ƙaiƙayinsa a maƙogwaro.

Sai bara na gane abin da ya faru da man nan. Wata ma'aikaciyar likita ta zo ajinmu ta yi mana magana a kan abinci. Ta ce a cikin man gyaɗa da riɗi da ganye irin su zogale akwai wani sinadari da ake kira bitamin E. Ta ce jikin mutum da ƙananan ɗakuna aka gina shi waɗanda ido ba ya gani, bangon kowane ɗaki kuwa da maiƙo aka yi shi, maiƙo kuma yana lalacewa idan iska ta daɗe tana cin sa. Bitamin E a cikin bangon yake zaune kamar mai gadi, shi ke tarar ɓarnar, ya ƙare a madadin bangon. A cikin kwalba ma aikinsa ke nan, yana tsare mai har ƙarfinsa ya ƙare. Rana da iska da yawan maimaita tuya su ke cinye shi, in ya ƙare sai mai ya fara wari. Ta ƙara da cewa ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo, don haka ganye ba tare da ɗan mai ba jiki ba ya samun cikakken rabonsa. Ta kuma ja mana kunne cewa ba maganin cuta ba ne, kuma mai lafiya ba ya buƙatar sayen ƙwaya, abincin gida ya isa in an kula da shi.

Ina zaune a kan tabarma da allona, sai na ga tandu da randa da rumfar ƙofar gida sun jeru a gabana. Macen da ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba, wato makarantar boko, ta riga ta san duhu, ta san toshe baki, ta san raba man kasko da man yara. Sunan ne kawai ba ta sani ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Injin niƙa na tabbata za ta sa masa albarka, don tabarya ta ci kafaɗunta. Amma da ta ga robobin mai jere a bakin tasha rana na dukansu tun hantsi, da ta kama baki. Abin da ya fi damuna kuwa a cikin gidana yake. Babbar ƴata Zainabu, wadda ke aure a Gazawa, ita ta gaji sana'ar, a gaban kakarta ta koya. Na ziyarce ta na tarar duk man da ta matsa kasuwa yake tafiya, na gida kuwa shi ne baƙin da ya rage a kasko bayan tuya ta uku. Da shi ake yi wa ƴarta abinci, yarinyar da aka yaye kwanan nan, wadda ta ci sunan mahaifiyata, nake kiranta Inna ƙarama. Ban ga laifin Zainabu ba. Gyaɗa ta yi tsada, kowane ludayi ana jin fitarsa.

Na yi mata sallama. Na koma gida na sauko da tandun daga inda ya shekara takwas a rataye, na auni tiya biyar daga gyaɗar gonata, na hau kabu-kabu na koma Gazawa. Na maimaita mata abin da ma'aikaciyar ta faɗa, gwargwadon yadda na riƙe. Ta yi dariya ta ce, "Baba, yanzu lakol ɗin tsofaffi ce za ta koya mini matsar mai?" Na ce a'a, kakarki ce, ni ɗan aike ne, aiken ma na makara da shi. Sai ta karɓi tandun tana jujjuya shi, ta ce tana tuna yadda Inna ke ɗiga mata a tafin hannu ta lashe.

Da muka gwada shi, ashe fatar ta bushe ta tsage, yoyo yake yi. Raina ya sosu. Zainabu ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar kwalba mai murfi, ta wanke ta shanya, ta ce wannan ma ai duhu ce. Tandun ta rataye shi a bango saman randa. Na yi mata alkawarin duk kaka gyaɗar man gida daga gonata za ta fito, kada ta taɓa jarinta.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba, tandun ma kun ji yadda ya ƙare. An ce da tsohuwar zuma ake magani, ni kuwa sai da na kai shekarun da ake kirana kaka na san wadda aka bar mini. Makon jiya na je Gazawa ba tare da na aika ba. Na tarar da Zainabu gaban turmi, mai ya fara tasowa, ta miƙa hannu ta ɗauko baƙar kwalba kafin ta ɗauko robar kasuwa. Inna ƙarama na gefe da kwanon kwaɗon zogale, bakinta yana sheƙi. Allah ya haskaka kabarin wadda yarinyar nan ta ci sunanta, ya sa ludayin farkon nan ya riske ta a can.