Hannun da Ya Murɗe Singileti Dubu Huɗu

Bakwai saura kwata Inna take isowa, da 'yar jakarta a hammata. Ta gaida mai gadi, ta zagaya ta bayan ginin cibiyar bincike. Ɗakin aikinta yana can ƙurya, kusa da janareta: famfo biyu, baho uku, igiyar shanya, da taga guda wadda ba ta kallon komai sai bango. Shekara goma sha tara ta yi a nan tana wanke fararen rigunan masu bincike. Su suna sama cikin sanyi, ita tana ƙasa da kumfa har gwiwar hannu. Sai ta wuni ba ta yi magana da kowa ba, in ban da famfon hagu da take yi wa faɗa saboda ɗiga. Akwai rediyo a kan taga, amma ya daɗe da yin shiru. Ku ji abin haushi: a ginin da aka tara masana batir, rediyon Inna ya yi shekara biyar babu batir, kuma ba wanda ya lura.

Watan jiya ta ajiye aiki, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Ni kuwa, da na san ta a ginin nan, na rantse ba za ta tafi shiru yadda ta zauna shiru ba.

Abin da ake ƙerawa a saman can batir ne, amma ba irin na tocila ba. Wannan lebur ne, mai laushi, kamar bakin zani. Ana ɗinke shi cikin singileti tare da wasu wayoyi sirara, don tsofaffi masu ciwon zuciya da ke zaune su kaɗai. Singiletin yana sauraron bugun zuciya. In zuciyar ta rikice, ko ya daina jin ta, sai wayar wani na kusa ta yi ƙara. Masu gwaji sukan sa shi kwana uku, a sauko wa Inna da shi ta wanke. Umarnin da aka ba ta guda ne: ta tsoma, ta ɗauraye, ta shanya shi yana ɗiga. Kada ta matse.

Wata takwas tana bin umarni, ba ta ma san amfanin abin ba. Mai gadi ne ya gaya mata, wata safiya a bakin ƙofa. Ya ce yana gama bayani ya ga ta dafa bango. Bai san dalili ba a lokacin. Inna tana da yaya, su biyu suka rage a ɗakin mahaifiyarsu. Yayar ta faɗi a ɗakinta na haya ranar Talata, ba a buɗe ƙofar ba sai Alhamis, da maƙwabta suka ga takalmanta ba su motsa daga bakin ƙofa ba. Aka tarar rai ya yi halinsa. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara sa sakata ba, ko da rana ko da dare. Ita ma ita kaɗai take zaune. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana wata ƙasa mai nisa, yakan kira in ya tuna. Ba mutuwa take tsoro ba, ta sha faɗa. Tsoronta ta faɗi a kwana biyu ba a sani ba.

Ranar da mai gadi ya gaya mata, ta shiga ɗakin wanki, ta ɗaga singileti ɗaya daga baho, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama shi da hannu biyu ta murɗe, irin murɗar da kowace mace take yi wa wanki, har ruwa ya ƙare. Ɗan koren hasken da ke wuyansa ya mutu. Ta ɗauki na biyu. Shi ma ya mutu. Sai da ta kashe shida.

Injiniyan da ya ƙera batirin ya sauko da gudu, kuma wannan ne karonsa na farko a ɗakin, sai da ya tambayi hanya. Dogon mutum ne mai saurin fushi.

"Haba Inna! Me muka yi miki? Aikin wata uku kika kashe! Ba an ce kada ki matse ba?"

"An ce."

"Batirin nan injinmu ya lanƙwasa shi sau dubu goma, gaba da baya, bai yi ko gezau ba. Kuma ga shi a rubuce a wuya, kada a murɗa."

Inna ta share hannu da gefen zaninta. "Ɗana, ka taɓa wanki?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Injinku lanƙwasawa yake yi, ba ya murɗawa. Wa ka taɓa gani ya wanke riga ya shanya ba matsa? Tsohuwar da za ku ba wa, idon karatun wannan rubutu take da shi? Za ta matse, ta shanya, ta mayar jikinta, ta kwanta da cewa akwai mai jin ta. Alhali ba kowa. Gara ku bar ta da tsoronta, aƙalla za ta bar ƙofa a buɗe."

Bai ji ba, wallahi. Ya haye sama ya rubuta ƙara. Kwana tara Inna tana gida, an ce ta jira a kira ta. Ba wanda ya leƙa ta. Ta share ɗakinta, ta sake sharewa, ta zauna tana kallon ƙofa. Ta yi kuka, ita da kanta ta gaya mini, don ɗakin wankin nan duk rashin kyansa shi ne wurin da in ba ta zo ba wani zai ce yau ina Inna.

Farfesar da ke shugabantar aikin ce ta warware maganar, kuma ba da gangan ba. Ta kai wa mahaifiyarta singileti guda don gwaji, ta karanta mata umarnin har sau biyu. Ranar wanki Farfesa tana tsaye, tsohuwar tana hira da ita tana murɗawa, ba ta ma san hannunta yana yi ba. Hasken ya mutu a kan idon Farfesa. Washegari aka dakatar da singileti ɗari biyar da ake shirin rabawa, aka aika mota ta ɗauko Inna.

Shekara biyu aka yi ana sake batirin. A canza abin da ke cikinsa, a canza rufinsa, a ɗinke shi a karkace, a sauko wa Inna da shi. Ta murɗe, ya mutu, a koma sama. Sun gwada ƙera injin murɗa, ta kalle shi ta ce wannan ai wasa yake yi da rigar. Singileti dubu huɗu da 'yan kai suka bi ta hannunta kafin a samu wanda ya sha matsa ɗari yana haske. Ranar an yi ta tafi a sama. Tana jin su ta rufin ɗaki, tana zubar da ruwan baho.

Inna, ke ce kika ƙi yarda a yi wa tsofaffi ƙarya. Ke ce injin da ba a saya ba, mai hannun da ya fi takarda gaskiya. A dogon rahoton da aka buga, mai sunaye goma sha ɗaya a kansa, an ba ki rabin layi: "an kuma gwada shi da matsar hannu." Hannun wa? Ba a faɗa ba. To ni na faɗa. Naki ne, wanda yanzu ba ya iya riƙe kofi sai da ɗan'uwansa.

Ranar sallamarta an hau da ita sama a karo na farko. Kyautar da aka ba ta singileti ce, don likita ya ce ita ma zuciyarta ta fara gajiya. Nas ta zauna da takarda tana cikewa, har ta zo layin ƙarshe.

"Inna, lambar wa za mu sa? Wanda za a kira in wani abu ya faru."

Inna ta dubi yatsunta. Ta ce ɗanta yana da nisa, in nan rana ce can dare ne, kuma ba ta son ta dame shi. Ta ce a bar wurin haka nan. Sai Injiniya ya miƙa hannu ya karɓi biron, bai kalli kowa ba, ya rubuta tasa.

A wuyan singiletin akwai ɗan maɓalli. In za ka cire don wanki sai ka danna, don kada ya ɗauka zuciyarka ce ta tsaya. Duk duniya ba wanda ya san maɓallin nan kamar Inna. Amma Asabar ta farko, da hantsi, wayar Injiniya ta yi ƙara. Ya kira hankali a tashe.

"Inna! Lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Wanki nake yi. Na manta ban danna ba. Ya yara?"

Suka yi minti ashirin. Asabar ta biyu ma ta manta. Yau Asabar biyar ke nan. Na tambayi Injiniya ko zai je ya sake nuna mata maɓallin. Ya ce, "Ba mantawa take yi ba. Duk sati wayarta sau ɗaya take ƙara, kuma ni ne."

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya sassauta wa yatsun nan. Tsofaffi da yawa suna kwana yau da mai sauraronsu na gaskiya saboda taurin kanki, kuma ba su san ki ba. Masu ilimi, ku riƙa saukowa ƙasa kuna tambayar masu wanki, tun kafin su kashe muku shida. Mu kuma sauran, kowa ya san wata Inna a layinsu, wadda takalmanta suke bakin ƙofa. Kada ku jira sai riga ta gaya muku. Ku ƙwanƙwasa yau.