Likkafanin Habu da ya riga shi tashi sama

Habu kafinta ya rasu. Da safen nan 'yarsa Maryam ta bugo mini waya daga Makka, kofin shayina na hannu, har yanzu ban kurɓa ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna in yi kuka sai ga ni ina dariya ni kaɗai, jikoki suna kallona. Duk wanda ya san Habu ba zai yi mamaki ba. Shi ne abokina da ya tashi ƙera jirgin sama a kan rufin gidan haya a unguwar Shisha, can Makka.

Ƙarshen shekarun sittin ne, muna samari, ni tela shi kafinta, ba mai iƙama, takardar izinin zama, a cikinmu. Lokacin Hajji yakan je filin jirgin Jidda ɗaukar kaya. A can wani makanike ya ba shi zanen ƙaramin jirgi mai cin mutum ɗaya, shi ke nan Habu ya daina barci.

Da bindi ya fara. Akwai faifan da ke bayan bindin jirgi, in ya ɗaga sama hancin jirgi ya ɗaga, in ya sauka hanci ya sunkuya. Ya fere masa haƙarƙari na katako siri-siri, ya ɗaura hinji. A gefen faifan kuma ya yanka wani ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Turawa tirim suke ce masa, Habu kuwa ɗan kunne.

"Sale, in ka danna ƙaramin ƙasa, iska ce za ta tura babban sama ta riƙe maka shi. Hannunka ya huta."

Na ce masa ƙarya ce, ina aka taɓa danna abu ƙasa don ya yi sama? Ya ce in jira.

Sai maganar rufe haƙarƙarin. Ana son yadi mai saƙa a matse wanda iska ba za ta ratsa ba. Muka zaga kasuwa, mai kyau ya fi ƙarfinmu, mai araha kamar rariya.

Ranar nan ya shigo shagona da farin yadi a hammata. Ina taɓawa na gane. Likkafaninsa ne, wanda mahaifiyarsa Inna Dije ta ɗauko tun daga gida ta hanyar Sudan, ta wanke da Zamzam ta ajiye masa.

Na ce, "Ya shehu, ka haukace?"

Ya ce, "Yadi ne, sai an sa mutum ciki yake zama likkafani. Yalla, ɗauko almakashi."

Na yanka, na ja shi a kan haƙarƙarin, na bi da basilla ina ƙullewa. Ya shafa masa fenti, yadi ya tsuke har in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ganga. Wallahi ya yi kyau.

Inna ta buɗe akwati ba ta ga yadi ba. Ba ta yi faɗa ba, magana ɗaya ta yi: "Na ubanka a hanya muka sa masa. Kai ka sa wa katako naka." Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa, ta daina cin abin da ya kawo. Habu ya rame. Ni kaina na daina bi ta ƙofarsu.

Da muka shirya gwaji sai ta yafa mayafi ta ce za ta je ta ga abin da aka yi wa yadinta. Muka ari wanet ɗin maƙwabci, wato a-kori-kura, muka nufi Arfa. Ba lokacin Hajji ba ne, fili fetal sai mu. Habu ya kafa bindin a bayan mota da sandar ja, ni ina riƙe da ƙugunsa, Inna a gaba tana leƙe ta gilashin baya.

Mota ta ɗauki gudu. Ya ja sanda, faifai ya ɗaga, iska na kokawa da shi har jijiyar hannunsa ta fito. Sai ya murɗa wayar ɗan kunne ƙasa, ya saki sanda.

Faifan ya tsaya a sama shi kaɗai.

Habu ya ɗaga hannu biyu yana ihu, "Sale, duba, ba hannu!" Ina tsalle, hulata ta tafi, direba na danna hon. Ban taɓa jin daɗin a ƙaryata ni kamar ranar ba.

Da muka tsaya Inna ta fito ta shafa yadin, ta daɗe. Sannan ta ce, "Habu, ka sha ruwa kuwa?" Ya durƙushe a ƙasa yana kuka. Ta juyo kaina: "Kai da ka yanka, kai za ka ɗinka masa wani."

Jirgin bai taɓa tashi ba. Ba inji, ba takarda, ga aure ga 'ya'ya. Ni kuma na dawo gida Najeriya. Amma duk wanda ya je Hajji daga unguwarmu sai Habu ya ba shi dabino ya kawo mini.

Bara na je Umra na same shi a gidansa a unguwar Ka'akiyya, bindin na rataye a bango, ya yi ja. Na miƙa masa farin yadi, ɗinkin hannuna, na wanke da Zamzam. Ya yi dariya har da tari. "Ka yi nawa, tela. Allah ya so ka ban yi sauri ba."

Kafin Maryam ta kashe waya ta ce, "Baffa Sale, bayan Asuba aka sallace shi a Harami. A cikin yadinka muka sa shi."

Inna, na cika alkawari.

Allah ka gafarta wa Habu, ka ɗaga shi inda jirginsa bai kai shi ba, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.