Bencin Malam Garba a Gindin Dogon Yaro

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Malam Garba makwancinsa a Ƙauran Namoda. Mutane suna tuna shi da allo da alli, don ya daɗe yana koyarwa a Sakajiki kafin ya yi ritaya. Ni kuwa da benci nake tuna shi, wani gajere mai karkatacciyar ƙafa, wanda yake ɗauka da kansa kowace safiya zuwa gindin dogon yaron da ke bakin hanyar Kasuwar Daji.

A nan yaran unguwarmu suke jiran motar makaranta, a nan kuma 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja. Inuwar ɗaya ce. Cikin yaran akwai jikarsa Hafsatu, wadda ta taso da asma. In ciwon ya motsa, numfashinta sai ka ji kamar ana jan tsohon ƙyaure. Ranar da ya fara raka ta, samarin nan suka miƙe suka gaishe shi, kowa ya mai da hannu baya ya ɓoye sigarinsa, domin haka aka koya mana, ba a shan taba a gaban babba. Amma ba wanda ya kashe. Hayaƙin ya riƙa fitowa ta bayan rigunansu, daidai hancin yaran da ke tsaye a wurin.

Malam ya dube su ya ce, "Ɗiyana, ni kuka jin kunya, su kuka ba hayaƙi? In dole sai an sha, ku busa mini ga huska, ni na gama girma."

Yayana ba shi da daɗin baki, mu da muka tashi a hannunsa mun sani. Tun daga ranar bai sake fashin zuwa ba. Bai kai ƙara ko'ina ba, zama kawai yake yi da carbinsa har motar ta tashi. Mai son zuƙa sai ya tsallaka titi ya tsaya a rana bayan shagon mai faci. A waɗancan shekarun Hafsatu ta yi karatu lafiya, har muka manta hanyar asibiti.

Bayan rasuwarsa makarantar ta kafa allon ƙarfe mai cewa an hana shan taba a wurin. Yau a jikinsa ake jingina babura. Idan na ji a rediyo ana maganar dokar hana taba a inda yara ke taruwa, sai in ce da Malam yana nan, tambayarsa guda ce: wa zai zauna? Samarin ma ba su ne na da ba. Yawancinsu daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka gudo saboda 'yan bindiga, sun bar gero a gona ba su girbe ba, babur ɗin haya ne abincinsu. Ina tausayinsu ƙwarai, amma tausayin bai hana ƙirjin yarinyar nan toshewa ba.

Hafsatu tana sakandare yanzu, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi. A zangon da ya wuce, a gindin bishiyar ta faɗi da jakarta a baya. Uwarta ta hana ta zuwa makaranta, ta ce ta gwammace ta gan ta a gida tana numfashi.

Sai na ɗauko bencin daga zaure na kai wurin, ko uwar za ta sake tunani. Samarin suka gaishe ni da ladabi, hannuwa suka koma baya, hayaƙi ya nufi yara kamar jiya aka yi. Na maimaita musu maganar Malam kalma da kalma. Wani ya yi murmushi ya ce, "Baba, rana ta yi zahi, ina za mu?" Mutum ɗaya ne, wani mai furfura a gemu da ya san yayana, ya jefar da sigarinsa ya take da takalmi, idonsa a kan bencin, ba a kaina ba.

Abin da ya rage na Malam Garba a wurin ke nan: benci, da mutum ɗaya mai jin kunyarsa har yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ina nan zaune motar ta zo, yara suka shiga suna tari, ta tashi ba Hafsatu.